Ranar da Na Kira Sunan Ɗan Farina

A Madina na haifi ɗana na fari, a farkon shekarun tamanin. Lokacin maigidana, wanda nake kira Malam, yana karatu a jami'ar Musulunci, muna haya a wani ɗan gida a Aziziyya. Unguwar ba ta cika ba a lokacin, tsakanin gida da gida akwai fili da tarin duwatsu, kuma ruwa ma mota ce take kawo mana. Haihuwar ta zo da gardama. Na daɗe a kan gwiwa, da yaron ya fito kuma bai yi kuka ba sai da aka jima ana ta fama da shi. Ranar suna aka sa masa sunan mahaifin Malam, wanda ya rasu kafin mu baro gida.

Wannan suna babu mai iya faɗarsa a gidanmu. A wajena ɗan fari ne, kuma a inda na tashi mace ba ta kiran sunan ɗan fari. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta yabonsa, in an tambaye ta lafiyarsa ma sai ta sunkuyar da kai kamar ba ta ji ba. Kunya ce, kuma ni ina alfahari da tawa, har tsiya nake yi wa matan ɗaliban da suka fara koyon halin Larabawa suna sumbatar 'ya'yansu a kan titi. Shi kuma Malam sunan ubansa ne, ba zai kama shi gatsal ba, sai ya ce Baba. Ni kuwa in ce “yaron nan”, ko in ce “shi” kawai, a gane.

Sa'o'insa suka yi zama, suka yi rarrafe, wasu suka miƙe da bango. Nawa wuyansa ma bai tsaya ba. In na ɗauke shi sai na tallafe ƙeyarsa, in na goya shi sai na naɗe zani na tokare kan. Yawu ba ya tsayawa a bakinsa. Amma yana da ido mai bin mutum, kuma yana da wata dariya mai shaƙewa da yake yi in tattabaru sun tashi gaba ɗaya daga kan soro. Idan babu kowa a gidan nakan jiƙa dabino in murje shi in riƙa sa masa a baki da yatsa, ina yi masa surutu. Da na ji motsin mutum sai in haɗe fuska in ajiye shi.

Wata safiya Malam ya kai mu mustausaf, ƙaramin asibitin unguwa. Likitan dattijo ne ɗan Sudan, mahaifiyarsa Bahaushiya ce, yana jin Hausa amma rabinta Larabci. Ya kwantar da yaron, ya dube ni ya ce, “Ismu shinu, 'yata? Yaya sunansa?”

Na dubi ƙasa. Ya sake tambaya, na ƙara jan mayafi. Malam ne ya faɗa masa can ƙasa-ƙasa, kamar mai tsoron kada bango ya ji. Likitan kuwa sai ya kama sunan nan da ƙarfi, yana murza ƙafafun yaron yana ta kira. Ni dai ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ya lura da ni. Ya ce, “Na san al'adar, wallahi. Uwata har ta mutu ba ta kira sunan yayana ba. Lakin wannan yaro ba kamar yayana yake ba. Yayana yana da bakin da zai faɗi sunansa da kansa.”

Sai ya ja kujera ya zauna ya shiga ba mu labarin da ba mu tambaye shi ba. Ya ce an yi wani zamani a Turai da Amurka da masu ilimi, har da likitoci irinsa, suka tashi wai za su gyara irin ɗan Adam yadda makiyayi yake gyara garkensa. Suka raba mutane aji-aji. Masu rauni a jiki ko a ƙwaƙwalwa suka ƙirƙiro musu sunaye, ana ce musu nauyi ne a kan jama'a, ciyawa ce a gona, baki ne mai ci ba ya aiki. Aka yi ta faɗa a littafi da jarida har kunne ya saba. Da kunne ya saba sai aka yi doka, ana yi musu aikin hana haihuwa ba da yardarsu ba. A Jamus kuma abin ya kai ga kisa, da yara aka fara. Aka riƙa zuwa ana ɗaukarsu, manya ma ana kwasarsu a manyan motoci, ana gaya wa dangi za a kai su inda za a fi kula da su, kuma ba su dawo ba. Ya ce da idonsa ya ga ragowar irin waɗannan kalmomi a tsofaffin littattafan likitanci lokacin yana ɗalibi.

“Ba su fara da wuƙa ba,” in ji shi. “Sai da suka daina ce musu mutane tukuna.”

Gaskiya raina ya ɓaci ranar. Ni maganin wuya na zo nema, ga shi ya ce babu, sai dai a riƙa motsa masa gaɓoɓi ana ba shi abinci mai laushi. Sa'annan ya ɗora mini labarin Jamus. A hanya na ce wa Malam tsohon nan surutu ya yi masa yawa, me ya haɗa ni da haukan Turawa? Mu Musulmi ne, ba ma yin haka. Malam ya ce haka ne.

Shekarar da yaron ya isa yaye, mahaifiyar Malam ta zo aikin Hajji. Inna muke ce mata. Bayan an sauko daga Arfa ayarinsu ya iso Madina ziyara, sai ta bar masaukin alhazai ta dawo gidanmu ita da wata ƙawarta, 'yar garinmu. Na yi murna ƙwarai. Ta zo mini da daddawa da kuka da man shanu, ta riƙe hannuna tana cewa na rame. Ina faɗin wannan ne don kada a ɗauka muguwar mata ce. Ba ta taɓa ɗaga mini murya ba kafin nan.

A garinmu kaka ba ta ganin jikanta namiji ba ta tsokane shi ba. Mijinta ne, za ta ce ya bar ta da yunwa, ya ƙi kawo cefane, wata ta ƙwace mata shi. Balle wannan da yake ɗauke da sunan mijinta na gaske, wanda ita ma ba ta iya faɗa. Na zaci daga bakin ƙofa za ta fara “ina maigidan nawa?” Haka kuwa ta shigo da fara'a, ta yaye mayafin da na rufe shi da shi. Sai fara'ar ta ɗauke. Ta ɗaga hannunsa ta saki, ya faɗi. Ta dubi ƙawarta, ƙawarta ta dube ta.

“Tun haihuwa haka yake?”

Na gyaɗa kai. Ta mayar da mayafin ta ce Allah ya kyauta.

Daga ranar ba ta ce maigida ba, ba ta ce jikana ba. Abin nan take cewa. “Abin nan ya ci abinci?” “Kawar da abin nan daga hanya.” Tun ina jin kalmar tana sukata har na ga ta zauna a gidan kamar tabarma. Wata rana da kunnena na ji wata maƙwabciyarmu, wadda a da take ce masa ɗan malam, ta ce abin nan ya yi barci ne? Ni kuma ba ni da abin da zan maye gurbinta da shi, domin “yaron nan” da nake cewa bai fi nata nisa sosai ba.

Sai tambayoyi suka biyo. Inna ta ce ita dai a zuriyarsu ba a taɓa yin irin wannan ba, ko a wajenmu ne? Na ce ban sani ba. Ta ce tana da 'yan mata a gida ba su yi aure ba, kuma mutane in za su nemi aure iri suke dubawa, in labari ya bazu cewa jinin gidan yana fitar da haka, wa zai zo? Ta faɗa ne a hankali, tana tsince shinkafa, ba da faɗa ba.

Ana saura kwanaki su tashi ta kira Malam ta ce za ta tafi da yaron gida yaye. Babu wanda zai ce wannan baƙon abu ne. Ɗan fari na kaka ne, ita ke yaye shi, sau da yawa ma a hannunta zai girma. Malam har daɗi ya ji, ya ce ga shi Inna ta karɓi Baba. Ya shiga zirga-zirga har aka daidaita tafiyar yaron da ayarinsu. Ni kuwa ko da ba na so, da wane baki zan ce a bar mini ɗan fari? Ai sai a yi da ni a gari har jikoki. Sai na fara wanke masa kaya.

Wankin nan nake yi a bayan gida, bayan la'asar, su kuma suna zaune a inuwar bango suna rarraba dabinon tsaraba a ƙananan ƙulli. Tagar ɗakin girki ce tsakaninmu, ba su san ina nan ba. Sai na ji ƙawar Inna ta ce, “Hajiya, kin dai ga abin da na gani. Ɗan ruwa ne. Dubi yadda yake lanƙwashewa, babu ƙashi a jikinsa.”

Inna ta ce, “Tun ranar farko na gane. Musaya aka yi musu. Yara ne, su kaɗai a ƙasar mutane, babu babba a kusa.”

“Kuma garin nan babu kogi, shi ya sa ya rasa hanyar komawa.”

“In mun isa gida lafiya sai a dama fura a kai shi bakin ruwa da sassafe. A ajiye a juya baya, danginsa za su zo su ɗauki abinsu. Yarinyar nan ta wahala. Ta huta, Allah ya ba ta haihuwar mutum.”

Hannuna yana cikin ruwan sabulu, na kasa fito da shi. Na san maganar, domin garinmu a bakin kogi yake. Muna yara an sha gaya mana cewa in aka ajiye irin wannan yaro aka ɓoye, sai ya waiga ya ga babu kowa, ya rikiɗa ya zama maciji ya sulale cikin ruwa. Mun yarda, har muna ba juna labarin muna jin daɗin tsoron. Ban taɓa tambayar wa ya tsaya ya gani ba. Ranar ce na fara tunanin abin da yake faruwa da yaron da ba ya iya ɗaga kai in aka kwantar da shi a gaɓar kogi aka tafi. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, ko a kan gwiwa.

Da Malam ya dawo daga jami'a na ja shi ɗaki na gaya masa. Ya fusata, amma da ni. Ya ce wannan ai shirka ce da kisan kai, ta yaya zan jingina wa mahaifiyarsa irin wannan, matar da ba ta daɗe da saukowa daga Arfa ba? Na ce ya je ya tambaye ta. Ya je ya durƙusa ya kewaya ya kewaya, da ƙyar ya taɓo gefen maganar. Inna ta ce magani za ta nema masa a gida, akwai masu sanin irin wannan lalura. Ba ta yi ƙarya ba a ganinta. Malam ya dawo ya ce in kwantar da hankalina, hirar tsofaffi ce na ji na ɗauka da zafi. Mutum ne mai karatu, ya san hukuncin abin sarai. Abin da bai iya ba shi ne ya dubi idon uwarsa ya ce bai yarda da ita ba.

Ranar tafiya motarsu tana tsaye a bakin hanyar Bi'ir Ali, daga nan za su bi ta Badar su sauka Jidda su hau jirgi. A al'ada ba a son uwa ta raka ɗan yaye, a gida ake barinta ta yi kukanta a ɓoye. Inna ta ce in zauna. Na ce zan taya su ɗaukar kaya ne, na sa abayata na bi su.

Hantsi ya fara zafi. An ɗaure akwatunan ƙarfe da jarkokin zamzam da buhunan dabino a saman motar, alhazai suna ta hawa, mata a baya maza a gaba. Inna ba ta goya shi ba. A hannu ta riƙo shi, naɗe cikin tawul, da ta zauna kuma sai ta kwantar da shi a kan ƙullin kayan da ke gefenta. Ina tsaye a ƙasa ina hango shi ta gilashi. Kansa ya zame daga kan ƙullin yana lilo, babu wanda ya tallafe. Direba ya tayar da mota yana ihu, “Yalla ya hujjaj, yalla!” A nan maganar tsohon likitan nan ta dawo mini, wadda na ce ba ta shafe ni ba. Ga babbar mota, ga yaro, ga kuma mu a ƙasa an ce mana za a je a kula da shi.

Ban san lokacin da na taka matakalar ba. Na ratsa ta tsakanin maza, abin da ban taɓa yi ba, na tsaya a tsakiyar motar na kira sunansa.

Bakina bai taɓa faɗar sunan ba, sai ya fito a karkace. Na sake kira, wannan karon har na gaban mota suka waigo. Motar ta yi tsit in ban da ƙarar inji. Matan nan duk 'yan garinmu ne, sun san wace ce ni, sun san ɗan fari ne, sun kuma san mai sunan na asali. Wata ta rufe baki da mayafi. Shi kuwa ba ya iya juyo da wuya, amma idonsa ya zagayo ya same ni, ya yi dariyar nan tasa ta tattabaru. Ban sani ba ko sunan ya gane ko muryata ce kawai, kuma ba zan ƙara gishiri in ce na sani ba.

Inna ta ce, “Ke! Kanki ɗaya kuwa? Sunan wa kike kamawa haka a bainar jama'a?”

Na ce, “Sunan ɗana ne, Inna. Kuma sunan mijinki ne. Shi za a kai bakin kogi a juya masa baya?”

Ƙawarta ta ce, “La'ilaha illallahu, yau ga rashin kunya. Zaman Larabawa ya lalata yarinyar nan.”

Ban ko dube ta ba. Na riga na zubar da kunyar, babu sauran abin da zan adana. Na sake kiran sunan, a hankali yanzu, ina duban Inna. Na ga leɓenta yana motsi. Matar nan ta zauna da mai sunan tun tana yarinya har ta rufe masa ido, ba ta taɓa furta shi ba, yau ga shi ana ta jefa mata shi a kunne a kan abin da take kira abin nan. Malam ya hawo yana tsaye a bayana. Da ƙyar ya ce, “Inna, ki yi haƙuri, a ba ta shi.”

Ta daɗe tana duban yaron. Sa'annan ta sunkuya ta ɗauke shi, ta sa tafin hannunta a ƙarƙashin ƙeyarsa, karo na farko tun zuwanta. Ta miƙo mini ta ce, “Ungo. Allah ya ba ki ikon ɗauka.” Ta juya fuskarta wajen taga, ba ta ƙara dubanmu ba har muka sauka. Motar ta tashi, muka tsaya a rana ni da Malam da yaro. A nan bakin titi na goya shi.

Labarin ya riga Inna isa gida. Shekara da shekaru ni ce marar kunyar da ta kira sunan ɗan fari a cikin motar alhazai, har mahaifiyata ta aiko a gaya mini na kunyata ta. Ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba. Amma daga ranar sunansa nake kira, da safe da yamma, a gaban kowa. Maƙwabta suka ɗauka, yaran unguwa suka ɗauka, kalmar abin nan ta fita daga gidan. Malam dai Baba ya ci gaba da cewa.

A zamanin nan kaset ake ɗauka a aiko da gaisuwa ta hannun alhazai. Na Inna yakan zo kowace shekara, ta gaida kowa, ta tsallake shi. Sai wata shekara, can ƙarshen kaset, bayan ta yi sallama har an ji kamar za a kashe, ta yi gyaran murya ta ce, “Yaya maigidan nawa? A ce masa ya bar ni da yunwa.” Na mayar da wurin baya na kunna masa a kunne. Ba ta sake ganinsa ba, domin ba ta ƙara zuwa ba.

Ya rayu har sa'o'insa suka fara azumi. Bai taɓa zama da kansa ba, bai taɓa cewa uffan ba. Wani sanyi da aka yi ciwon ƙirji ya kama shi, ya cika a hannuna da rana tsaka. Aka yi masa salla a Masallacin Annabi aka kai shi Baƙi'a. A Baƙi'a ba a rubuta suna a kan kabari, dutse kawai ake ajiyewa, kuma mata ba sa shiga. Malam ya nuna mini sashen da yake daga nesa, amma an yi ta binne wasu a wajen, shi kansa daga baya ya kasa tantancewa.

Har muka baro Madina, in na idar da salla nakan zagaya in tsaya a bayan katangar in leƙa ta tsakanin ƙarafuna. Duwatsu ne birjik iri ɗaya, da tattabaru suna kiwo a tsakaninsu. Sai in yi sallama ga mutanen wurin gaba ɗaya, yadda aka koya mana. In na gama, sai in kira sunansa da ƙarfi, yadda zai ji.